Goggon da Ta Ara wa Akuyata Murya

Da hantsin ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina zaune gaban kwamfuta ina gyara kunnen wata akuya da na zana, sai wayar Baba ta shigo. Bai yi doguwar sallama ba. Ya ce, "Goggonki ta cika." Sannan ya ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, na amsa masa da ƙyar. Kafin la'asar an kai ki makwancinki. Ke ce ƙanwarsa tilo, ni kuwa ke ce goggona, uwar ɗakina, kuma abokiyar sana'ata.

Na zauna da niyyar in rubuta miki ta'aziyya cikin nutsuwa irin wadda ta dace da mamaci, amma duk abin da na tuno naki sai in tsinci kaina ina dariya, hawaye na zuba. Na bar abin a haka, don na san da kina nan ke za ki fara ce mini in daina ɓata fuska, ba ta yi mini kyau.

Baba ne ya laƙaba miki suna Aku tun kuna yara, domin babu muryar da za ta shiga kunnenki ba ta fito ta bakinki ba. Yakan ba mu labarin ranar da kakanmu ya yi tafiya, su maza suka samu sake suna ta buga ƙwallo a tsakar gida, abin da aka hana su. Kwatsam suka ji gyaran muryar tsohon daga bakin ƙofa. Kowa ya yi ta kansa, ɗaya har ya haura katanga ya bar takalmi. Ashe ke ce laɓe a bayan ƙyaure. Da kika yi aure ma halin bai bar ki ba. Kikan tsaya jikin taga ki kwaikwayi kiran mai sayar da ruwa, matan layi su fito da bokitai su tarar da titi fayau. Mijinki, Allah Ya jiƙansa, shi ke fita yana ba su haƙuri, yana danne dariya. A duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wannan abu ne da za a ci abinci da shi. Mu dai a wurinmu barkwancin Goggo ne kawai, abin da ake jira idan dangi sun taru.

Bayan rasuwar maigidanki, babban ɗanki, wanda muke kira Yaya Akawu saboda aikinsa na banki, ya so ki rufe gidanki ki koma wurinsa. Har ɗaki ya gyara miki, ya sa sabon labule. Kika gode masa, kika sa masa albarka, kika ce ke ba ki shirya zama kujerar falo ba tukuna, wadda za a riƙa kakkaɓewa idan baƙi za su zo. Kina son gidanki, kina son ki ci guminki. Kika gwada sayar da zannuwan gado, kika gwada ƙanƙara da ruwan sanyi. Kasuwar ba ta yi ba, domin duk wanda ya zo saye sai hira ta ɓarke, kafin ya tafi gyaran da kika yi masa ya fi abin da ya saya.

A daidai lokacin ne aka turo ni in taya ki zama. Na gama karatun zane, babu aiki, sai wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Baba ya riga ya nema mini gurbi a kantin maganin wani abokinsa, ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen damina, in zanen bai fara ciyar da ni ba in tattara in je in tsaya bayan kanta. Bai faɗa da mugunta ba, tsoro yake ji mini. Ni kuma abin da ke raina shi ne in yi wa yara zane mai motsi da harshenmu. Na zana wata akuya mai taurin kai na sa mata suna Ƙi-Faɗi. Tana tafiya, tana kaɗa kunne, tana motsa baki, amma babu murya. Na gwada tawa, da na saurara sai na ji kamar mai karanta sanarwar ɓatan kaya.

Wata safiya ina ta maimaita hoton, akuyar tana ta motsa baki a banza, kika zo wucewa da tiren kofuna. Kika tsaya a bayana kina kallo. Sai kawai na ji akuyar ta yi magana, da wata murya mai rawa, mai fita ta hanci, tana cewa ita fa ba ta ci takardar kowa ba, ɗanɗanawa kawai ta yi. Na juyo a firgice. Kina tsaye fuskarki a ɗaure kamar ba ke ba. Na yi dariya har na faɗo daga kujera. Da na tashi na ce, Goggo, don Allah ki sake. Kika ce sai kin ajiye tire, kofunan ba na aro ba ne.

Daga ranar muka zama 'yan koyo mu biyu, ke da furfurarki, ni da ƙuruciyata, babu wanda ya san hanya a cikinmu. Ba mu da makirufo sai wayata. Falon yana amsa-kuwwa, sai muka gano cewa cikin wadirob ɗinki, tsakanin rigunan da ke rataye, murya tana fita tas. Kikan shiga da 'yar kujera, in lulluɓa bargo a bakin ƙofar, in kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Ki fito jiƙe da gumi kina cewa ko burodi ba a gasa shi haka. Zakaran maƙwabta ya ɓata mana aiki ba sau ɗaya ba, har kika ce tunda yana son fitowa a shirin a rubuta masa nasa layin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kika karɓi gyara daga 'yar da kika goya. Baiwa kina da ita, amma karanta rubutu a gaban waya wani abu ne daban. Kina karatu a hankali, da tabaranki a kan karan hanci, numfashinki yana bugun wayar. In ce a sake, ki sake. In ce a ƙara, ki ƙara. Ba ki taɓa ce mini kin girme ni ba. Iyakarta idan na matsa da yawa ki amsa mini da muryar Baba, ki ce, "To, shugaba, an ji." Kuma kika mayar da sauraro aiki. Idan kin je asibiti ko tashar mota kikan dawo da sabuwar murya kamar mai dawowa da cefane, ki ce yau kin samo mana wata kaza mai tsegumi a layin karɓar kati.

Shirye-shiryenmu na farko da muka sa a intanet dangi ne kawai suka kalla, su ma rabinsu don kunya. Na karaya. Kika ce mini ko rijiya ba a ranar da aka fara haƙa ta ake shan ruwanta ba, in tashi in zana na gaba.

Aikinmu na farko kuwa daga maƙiyinmu ya fito, wato mai waldan da ke jikin katangarki, wanda ƙarar injinsa ke shiga ko cikin wadirob. Kika yafa mayafi kika je kika same shi. Kika ce idan zai riƙa tsagaita mana da hantsi, za ki yi wa shagonsa talla da muryar da ba a taɓa ji ba. Ya yarda don dai ya rabu da ke. Kika yi masa tallar wata ƙofa da ke kuka tana roƙon a kai ta wurinsa. Ya sa a lasifika a bakin shago, mutane suka riƙa tsayawa suna saurare suna dariya, wasu har su ce a maimaita. Ba a jima ba mai gyaran waya ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, bayansa mai kantin takalma, sai wata mai makarantar yara. Nan ne na ga kasuwancin da ya gagare ki a kan zanin gado ya zauna miki daram a kan murya.

Ni kunyar faɗin farashi nake yi. Idan an tambaye ni sai in fara inda-inda, in rage da kaina tun kafin a nemi ragi. Kika zaunar da ni kika ce, "'Yar nan, ki faɗi kuɗin aikinki, sannan ki rufe bakinki. Shirun da zai biyo baya ba naki ba ne, nasa ne." Wani mai sayar da kayan ɗaki ya zo da babbar mota, ya ce mu yi masa aiki kyauta, shi kuma zai sa duniya ta san mu. Kika ba shi ruwa, kika saurare shi har ya gama, sannan kika ce masa kin gwada zuba suna a tukunya, bai nuna ba. Ya yi dariya, ya ba da kafin alƙalami. Akwai kuma wanda ya zo da kuɗi masu kauri yana son tallar wani magani da ya ce yana warkar da kowace cuta. A lokacin muna cikin matsi, rufin ɗakinki yana yoyo. Kika ce muryar da yara suka yarda da ita ba za ta yi musu ƙarya ba, kika raka shi har ƙofa. Haka kuma ban taɓa jin kin kwaikwayi mai in'ina ko mai wata lalura don a yi dariya ba. Kikan ce dariyar da za ta sa wani kuka a ɗakinsa ba ki da buƙatarta.

Ana cikin haka Ƙi-Faɗi ta fara yawo a wayoyin mutane, har wani gidan rediyo ya neme mu, suna son shirin yara na mako-mako. Na yi murna kamar in tashi sama, don damina ta kusa ƙarewa, wannan ce amsar da zan kai wa Baba. Sai ga cikas ta inda ban zata ba. Abokan aikin Yaya Akawu suka kunna shirin a ofis suna ta ƙyaƙyatawa, shi kuwa daga jin kalma ɗaya ya gane muryar mahaifiyarsa. Ya zo gida da yamma, ya durƙusa ya gaishe ki, ya daɗe yana kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce me ya rage ki da shi da za a ce uwarsa ce akuyar waya, idan mutane suka gane ina zai sa fuskarsa.

Ba ki yi fushi ba. Kika zuba masa shayi, kika ce, "Ɗan nan, ba ka rage ni da komai ba. Amma abin nan Allah ne Ya sa mini shi a maƙogwaro tun kafin in haife ka, sai yanzu na san amfaninsa. Ba na son in koma gare Shi da shi a naɗe kamar yadda Ya ba ni." Duk da haka bai sauko ba. Bayan ya tafi kika ce mini ba za ki amsa wa gidan rediyo ba sai ransa ya kwanta, don ba za ki faranta wa 'ya'yan wasu ki baƙanta wa naki ba. Na yi kuka, na yi magiya. Kika ce in yi haƙuri, abin da yake rabonmu ba zai wuce mu ba. Wadirob ya koma wurin ajiye kaya, ni kuma na fara gugar rigar da zan sa in je kantin magani.

Sai 'yar autar Yaya ta kwanta rashin lafiya, zazzaɓi mai zafi, aka ba ta gado a asibiti. Yarinyar ta ƙi magani, ta ƙi abinci, da an matso da cokali sai ta datse haƙora. Uwarta ta yi lallashi, babanta ya yi alkawarin keke, duk a banza, jiki kuma yana ta raguwa. Ita kuwa masoyiyar Ƙi-Faɗi ce, a wayar uwarta take kallo, amma ba ta san muryar kakarta ce ba, domin babanta ya hana a faɗa. Muka je dubiya. Kika dube ta, kika dubi cokalin, ba ki nemi izinin kowa ba kika zagaya bayan labulen gadon. Sai ga muryar Ƙi-Faɗi tana shelar cewa ta ji labarin akwai wani magani mai daɗi a ɗakin nan, ta zo ta shanye, kuma kada a kuskura a ba yarinyar nan ko ɗigo. Yarinyar ta buɗe ido. Ta fizgi hannun uwarta ta shanye maganin, ta ce wa labule, "Na riga ki." Akuya ta fashe da kuka, ta ce to ai saura abincin, shi kam nata ne. Aka cinye abinci. Kafin a ankara yaran sauran gadaje sun ɗago kai, kowa yana kiran a kawo nasa maganin kafin akuya ta iso. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya da tire a hannu tana dariya, ta ce don Allah ko za a bar musu akuyar nan ta kwana biyu.

Yaya Akawu yana tsaye jikin bango, yana dariya yana share ido da bayan hannu. Bayan an sallami yarinyar ya zo gida da wani kwali, ya ajiye a gabanki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, an ce wannan ya fi waya ɗaukar murya." Makirufo ne sabo fil. Kika juya shi, kika duba, kika ce Allah Ya yi masa albarka, amma ya sani akuya ba ta yi wa ma'aikatan banki ragi.

Shirin rediyo ya kankama, Baba ya daina zancen kantin magani, har ya koma shi ke tuna wa maƙwabta lokacin shirin. Kin gyara rufinki da guminki, kin ci, kin ciyar. Da hanya ta buɗe miki kuma ba ki rufe ta a bayanki ba. Wani tsohon direba da ciwon baya ya raba shi da mota, kika ji kaurin muryarsa a kantin unguwa kika jawo shi, ya zama jakin shirinmu, yau da shi yake riƙe da iyalinsa. Wata matashiya mai waƙa da ke jin kunyar buɗe baki a gaban mutane, kika riƙa juya mata baya idan za ta rera har ta saba. Dokarki ɗaya ce, duk wanda ya yi aiki a ɗakin nan, ko yau ya fara, ba zai fita hannu rabbana ba. Kikan ce ɗan koyo ma ciki gare shi.

Ba ki taɓa yarda a nuna fuskarki ba, kuma kin ji daɗin hakan ƙwarai. Ranar da ba zan manta ba muna cikin motar haya, wasu fasinjoji suna gasar kwaikwayon Ƙi-Faɗi. Kika kasa haƙuri kika ce bari ke ma ki gwada. Kika yi. Wani mutum a kujerar gaba ya juyo ya ce, "Iya, kin yi ƙoƙari, amma gaskiya ba ki iya ba. Ki riƙa sauraron shirin sosai." Kika ce masa to, in Allah Ya yarda za ki dage. Muka sauka a tasharmu, kika riƙe sandar fitilar titi kina dariya har mayafinki ya zame.

Ciwon ajalinki bai ja lokaci ba. Ƙirji ne ya riƙe ki, aka kwantar da ke. Zuwana na ƙarshe na same ki kin rame, numfashi yana yi miki wuya, amma likita yana fita kika ɗaga gira, kika tambaye ni da muryarsa sak ko ina shan ruwa isasshe. Muka yi dariya a hankali don kada ya jiyo. Sannan kika koma muryarki ta ainihi, wadda na fi so a cikin duka, kika ce in yafe miki, in riƙe salla, kada in bar zane, kuma in nemi masu murya a cikin mutanen da ba a kulawa da su, suna nan da yawa. Na ce babu abin da kika yi mini sai alheri. Ban san sallama ce ba.

Masu zuwa gaisuwa sun cika gida da layi, da yawansu ba mu san su ba. Mai walda ya rufe shagonsa ya zauna yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Sai a ranar wasu maƙwabta suka san wace ce suke zaune da ita. Daga baya gidan rediyo suka aiko suna tambaya cikin ladabi ko iyali za su so a dakatar da shirye-shiryen da kika riga kika ɗauka ba a kai ga sawa ba. Aka dubi Yaya Akawu. Ya ce a sa su duka, kuma a faɗa wa masu sauraro cewa mahaifiyarsa ce.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka ba ta baiwa ta yi amfani da ita wajen neman halal da faranta ran bayinKa. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk yaron da ya yi murmushi a gadon jinya ta dalilinta, duk gidan da aka ɗora tukunya ta hanyarta, Ka sa ta tarar da ladan a mizaninta. Ka haɗa ta da mijinta da iyayenta a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, wanda ya rasa ƙanwa kuma abokiyar faɗansa, da Yaya Akawu da ƙannensa da matansu, da jikokinta, da abokan aikinmu na ɗakin ɗaukar murya, da dukkan yaran da suka saba jiran muryarta ba su taɓa ganin fuskarta ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa mu yi koyi da kyawawan halayenta, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ki huta lafiya, Goggo. Kin bar mu da kewa, amma ba ki bar mu da baƙin ciki ba. Allah Ya jiƙanki da rahama, amin.